Kafin a sake kunna matatar Kaduna, a faɗa mana man da za ta sha

Ran nan bayan sallar isha'i, a majalisarmu ta Tudun Wadar Zariya, hira ta gangaro kan tsadar fetur kamar yadda ta saba. Ɗan acaba ya kawo kukansa, malamin makaranta ya kawo nasa, bakin kowa kuma ya zo ɗaya: da matatar Kaduna na aiki, da ba mu shiga wannan hali ba. Sai wani matashi da ya karanta injiniyancin sinadarai a Jami'ar Ahmadu Bello ya ce, "Baba, to in an tashe ta, man nawa za ta ƙona kafin ta tace ganga ɗaya? Hayaƙin kuma fa?" Wani dattijo da duk muke ganin girmansa ya katse shi: "Kai yaro, raba mu da zancen hayaƙi. Wannan damuwar Turawa ce da suka ci suka ƙoshi. Mu mai muke nema." Aka yi dariya, yaron ya ja bakinsa ya yi shiru.

Abin ya tsaya mini a rai, domin yaron nan shi ne ya yi tambayar da ta fi kowace muhimmanci a wurin.

Ina son a tace mai a Arewa, kuma ina son matatar Kaduna ta rayu. Amma ra'ayina shi ne kada a sake zuba mata ko kwabo sai an fito fili an faɗa wa jama'a abu biyu: yawan makamashin da za ta ci kafin ta tace kowace ganga, da yawan iskar kabon, wato iskar da ke ɗumama duniya, da za ta saki a kan wannan gangar. Duk matatar da ke ƙasar nan, ta gwamnati ko ta ɗan kasuwa, a ɗora mata wannan sharaɗi. Hayaƙin da dattijon ya raina mai ne aka ƙona, kuɗinsa kuma a aljihun mai sayen lita yake fita.

Matata ita ma mai take sha

Da yawanmu mun ɗauka tace mai kamar tace koko ne, a zuba a rariya a tara a ƙasa. Ba haka ba ne. Dafa shi ake yi. Ana tura ɗanyen mai cikin tanderu har zafinsa ya kai digiri 350 ko ya ɗan haura, sannan a saki tururinsa cikin wata doguwar hasumiyar ƙarfe. Mai sauƙi ya yi sama, mai nauyi ya kwanta ƙasa. A haka ake raba gas ɗin girki da fetur da kananzir da dizal da kwalta.

Wutar tanderun nan, da tukwanen tururi, da dubban famfunan da ke tura mai daga sashe zuwa sashe, duk abinci suke ci. Abincin nasu kuma yawanci daga jikin ɗanyen man ake yankarsa. Ka ɗauki mai ƙuli-ƙulin da ba ta da itace, sai dai ta riƙa kamfatar man gyaɗar da ta matse tana zuba wa murhu. Kowace ludayi ta zuba wa wuta, ta rage abin da za ta kai kasuwa. A duniya, matata kan cinye wajen kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari na ƙarfin ɗanyen man da ya shiga cikinta, gwargwadon irin man, da irin injinan, da irin kulawar da ake ba su.

Akwai wurare biyu da hayaƙin ke ƙara yawa. Na farko sashen da ke farfasa mai nauyi ya mai da shi fetur. Wani garin sinadari ne ke yin aikin, kuma cikin ɗan lokaci baƙin gawayi ke lulluɓe shi, sai an ƙone gawayin da zafin kusan digiri 700 kafin garin ya koma aiki. Haka ake ta yi dare da rana. Na biyu sashen haɗa haidirojin, wanda da shi ake wanke sinadarin sulfa daga dizal da fetur. Daga iskar gas ake ciro shi, kuma kowane kilo ɗaya na haidirojin yana barin kusan kilo 9 zuwa 10 na iskar kabon.

In aka haɗa duka, masu bincike sun ƙiyasta cewa a matsakaici tace ganga ɗaya na sakin wajen kilo 40 na iskar kabon. Ganga lita 159 ce. Wato kafin litar fetur ta iso gidan mai a PZ ko Kwangila, ta riga ta bar kusan rubu'in kilo na hayaƙi a matata, tun ba a tashi babur da ita ba.

A yi lissafin da matatar tamu

An buɗe matatar Kaduna a 1980, kamfanin Chiyoda na Japan ne ya gina ta. Daga baya aka faɗaɗa ta ta kai ganga 110,000 a rana. Lokacin da take aiki, ɗanyen man da take tacewa daga Neja Delta ake turo shi ta bututu mai tsawon sama da kilomita 600, sashenta na man giris da na juye kuma da ɗanyen mai mai nauyi na ƙasar waje aka tsara shi.

To a ce tana aiki cikakke. Kashi 1 cikin ɗari na ganga 110,000 shi ne ganga 1,100. Wato kusan lita 175,000, cikin tanka huɗu na mai lita 45,000. Idan tsufa da rashin gyara suka sa ta ƙona kashi 1 kacal fiye da yadda ya kamata, tanka huɗu ke nan ake cinna wa wuta kullum ta Allah. A shekara ya haura ganga 400,000. A ƙaddara ganga dala 70, ka ga an kai dala miliyan 28, a kan kashi ɗaya tak. Tsakanin matatar da ake kula da ita da wadda aka yi wa riƙon sakainar kashi kuwa, tazarar kan wuce kashi ɗaya nesa ba kusa ba.

Ta ina man ke zurarewa? Ba wani sirri ba ne. Akwai na'urorin musayar zafi, inda man da ya fito da zafi ke ɗumama wanda zai shiga, don a rage wa tanderu aiki. Idan datti ya toshe su, sai a ƙara wuta. Akwai bututun tururi da ke yoyo, da waɗanda rigarsu ta kare zafi ta yage. Akwai tanderun da iska ta yi masa yawa, zafin na bin bututun hayaƙi yana tafiya sama. Sannan mafi muni, kunnawa da kashewa. Matatar da za ta yi wata biyu tana aiki ta tsaya wata shida, duk tashi sai an ɗumama komai daga sanyi, duk tsayawa sai an ƙone gas ɗin da ya rage a bakin dogon bututun nan mai harshen wuta, wanda mutanen Rido da Mararrabar Rido suka fi kowa sani. Matatar da ke aiki da rubu'in ƙarfinta ma kusan haka take, don tukwane da famfuna ba su san an rage kaya ba.

Kuma mun ga inda rashin tambaya ya kai mu. Rahoton kuɗin da NNPC ta fitar da kanta ya nuna matatar Kaduna ba ta shigo da ko sisi ba a 2018, amma ta yi asarar sama da naira biliyan 60. A 2021 gwamnati ta amince da dala biliyan 1.5 don gyaran ta Fatakwal. An yi bikin tashinta a Nuwamban 2024, zuwa Mayun 2025 an sake rufe ta. Ta Kaduna ma an ba kamfanin Daewoo kwangilar gyaranta a 2023 a kan sama da dala miliyan 700. A duk surutun da muka yi kan waɗannan kuɗaɗe, tambayarmu ɗaya ce: yaushe za ta tashi? Ya kamata mu ƙara da: in ta tashi, da tsadar nawa za ta tace lita?

"Ba mu muka ɓata duniya ba"

Wannan ita ce hujjar dattijon, kuma ba zan ce ba ta da tushe ba. Afirka gaba ɗayanta ba ta fitar da abin da ya wuce kashi 4 cikin ɗari na iskar kabon ta duniya. Ɗan Najeriya a matsakaici bai kai tan ɗaya a shekara ba, Ba'amurke kuwa ya haura tan 10. Waɗanda suka shekara ɗari biyu suna ƙona kwal ba su da bakin da za su hana mu tace man da Allah ya ba mu. Har gobe ina kan wannan.

Sai dai ba saboda su nake magana ba. Hayaƙin matata da asarar matata abu guda ne. Duk kilon kabon da ya fita ta bututun hayaƙi ba tare da dalili ba, mai ne da ya kamata a sayar. Tun da aka cire tallafi a ranar 29 ga Mayun 2023, babu sauran labulen da ke ɓoye wannan asara. Ko dai ta hau kan farashin lita, ko a biya ta daga baitulmali, kuɗin da ya kamata ya je asibiti da makaranta. Ɗan acaban da ke jigila daga Kwangila zuwa Samaru, da mai injin niƙa a Sabon Gari, da manomin rani da ke ba tumatir ruwa da injin fetur a bakin kogin Galma, su ne masu biya, ko sun taɓa jin kalmar kabon ko ba su taɓa ji ba.

Sannan ko da ba mu muka hura wutar ba, mu ke shan zafinta. Manomin masara a Giwa ko Soba ba ya bukatar a karanta masa rahoto kafin ya san damina ta rikice, ruwa ya yi jinkiri, in ya zo kuma ya zo da ɓarna. Mun ga ambaliyar Maiduguri a Satumban 2024, mun ga ta Mokwa a Mayun 2025. Ba na cewa sauyin yanayi kaɗai ya jawo su, akwai sakacin madatsa da magudanai. Amma ƙasar da ke neman duniya ta biya ta diyyar ambaliya ya kamata ta iya nuna cewa ba ta ƙona tanka huɗu a banza kowace rana. Mu da kanmu muka je Glasgow a 2021, marigayi Shugaba Buhari ya yi alkawarin Najeriya za ta daidaita hayaƙin da take fitarwa da wanda take iya kawarwa nan da 2060, ya dawo ya sa hannu a dokar sauyin yanayi a shekarar. Ba wanda ya yi mana dole.

Kuma bututun hayaƙi ba kabon kaɗai yake fitarwa ba. Tare da shi akwai sulfa da baƙar toka, waɗanda ba sa jiran 2060, a ƙirjin maƙwabta suke sauka. A tambayi mutanen Fatakwal abin da suka gani tun daga 2016, lokacin da baƙar ƙura ta fara sauka a kan shanyarsu da hancin 'ya'yansu, galibi daga masu dafa ɗanyen mai a daji. Wannan dahuwar daji ita ce ƙarshen rashin inganci: a ƙona da yawa, a sami kaɗan, a zubar da saura a rafi.

"Ai kusa ta fi nesa"

Wannan hujja ta fi ta farko ƙarfi, kuma duk mazaunin Zariya zai ji ta a jikinsa. Tsaya a gadar Kwangila da yamma ka ƙirga tankokin da ke wucewa Kano da Katsina da Gusau. Yawancinsu daga Kudu suka ɗauko, sun ci kusan kilomita 900, kuma haka za su koma wayam. Ashe matatar da ke kilomita 80 daga nan ba ta fi ba, ko da tana da ɗan ci?

A yi lissafi. A ƙaddara tanka mai lita 45,000 ta sha dizal lita 800 zuwa da dawowa. Kowace litar dizal na sakin kusan kilo 2.7 na kabon, jimla ya ɗan haura tan 2. In ka raba wa lita 45,000, kowace lita ta ɗauki wajen giram 50. Tacewa kuwa mun ce wajen giram 250. Ma'ana, duk wannan doguwar tafiya kashi ɗaya ce cikin biyar na abin da matata ke fitarwa. Idan matatar Kaduna ta fi takwararta ta Kudu ci da kashi ɗaya cikin biyar, ribar kusancin ta tafi. Ba a ma sa makamashin turo ɗanyen mai kilomita 600 a lissafin ba.

Inda hujjar ke da nauyi na gaske shi ne rayuka. Tankar mai ta fashe a Majiya ta Jigawa a Oktoban 2024, sama da mutum 150 suka mutu. Wata ta fashe a Mararrabar Dikko ta jihar Neja a Janairun 2025, gommai suka ƙone. Babu lissafin kabon da zai auna wannan. Amma maganin tanka a kan titi bututu ne, kuma muna da shi. NNPC ta shimfiɗa bututun mai sama da kilomita 5,000 a ƙasar nan, galibinsa na tataccen mai. Wani layin ya taso daga Kaduna ya iso nan Zariya, inda akwai tashar turawa, ya rabu biyu, ɗaya ya yi Kano ɗaya ya yi Gusau. Yara da yawa a garin nan ba su ma san da shi ba, don fasa bututu da rashin kula sun kashe shi. Tura mai ta bututu ya fi ɗaukarsa a mota sauƙin makamashi nesa ba kusa ba. Ko an tashi matatar Kaduna ko ba a tashe ta ba, wannan layin ya cancanci a fara da shi, kuma ban ji 'yan majalisarmu na yi masa ihun da suke yi wa matatar ba.

Sabuwar ma a tambaye ta

Wani zai ce to shi ke nan, a bar wa matatar Ɗangote ta Lekki, tunda sabuwa ce. An ƙaddamar da ita a Mayun 2023 da ƙarfin ganga 650,000 a rana, ta fara ba da dizal a farkon 2024, fetur kuma a Satumban shekarar. Sabon inji da girma suna rage ci a kan kowace ganga, wannan haka yake. Ta kuma rage mana abin kunyar nan na loda ɗanyen mai a jirgi zuwa Turai a dawo mana da shi a wani jirgin.

Amma girma na nufin hayaƙi mai yawa a wuri guda. Kuma akwai wani ciniki da ya kamata mu sani. An tsara ta don ta fitar da mai mai ƙarancin sulfa irin na Turai. Wannan alheri ne babba ga huhunmu, musamman in aka tuna shekarun da aka yi ana shigo mana da dizal mai sulfa ninkin-ba-ninkin abin da Turai ta yarda a sayar a gidajen manta. Sai dai wanke sulfa haidirojin yake ci, haidirojin kuma kabon yake bari. Ni na zaɓi mai tsafta, ko da zai ƙara wa matata hayaƙi, don yaron da ke tallar ruwa a tsakiyar motoci a Ƙofar Doka shi ke shaƙar sulfar. Amma a faɗi adadin, a san abin da aka saya da abin da aka biya. Kasancewar matata ta ɗan kasuwa ba ta mai da iskar da ke kewaye da ita tasa ba.

Akwai kuma masu cewa ai mafi yawan hayaƙin fetur daga salansa yake fita. Gaskiya ne, lita ɗaya in ta ƙone a inji tana ba da kusan kilo 2.3, kusan ninki tara na rabon matata. Amma salansa miliyoyi ne, a hannun miliyoyin talakawa da ba su da kuɗin canza inji. Manyan matatu kuwa ba su fi a ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba, kowace da manajanta da injiniyoyinta da littafin lissafinta. Gyara ya fi sauƙi a inda mutum ɗaya zai sa hannu.

Masu aunawa suna nan Samaru

Dokar man fetur ta 2021 ta kafa hukumar NMDPRA don sa ido a kan matatu. Abin da nake nema a wurinta ba shi da wuya: kowace shekara kowace matata ta wallafa gangar da ta tace, makamashin da ta ci, gas ɗin da ta ƙona a banza, da kabon da sulfar da ta saki. Matatun duniya sun daɗe suna gwada kansu da junansu a kan irin wannan ma'auni. Kuma duk kwangilar gyara a rubuta adadin a cikinta, kada a biya ɗan kwangila cikon kuɗinsa don kawai an ga wuta ta kama a ranar biki, sai matata ta yi watanni tana aiki a kan cin da aka yi alkawari.

Ba sai an ɗauko masu aunawa daga waje ba. Sashen injiniyancin sinadarai na ABU ya taɓa haɗa ƙaramar matatar gwaji mai tace ganga ɗaya a rana, malamansa kuma sun daɗe suna bincike kan haɗa garin sinadarin farfasa mai daga farar ƙasar Ƙanƙara. Ga cibiyar binciken sinadarai ta NARICT a Basawa, ga cibiyar binciken makamashi ta jami'ar. Kowace shekara ana yaye yara da suka iya lissafin zafi da tururi, su ƙare a shagon cajin waya ko sana'ar POS. Ina ganin asara ce a bar su a haka alhali aikin da suka karanta na nan kilomita 80 ba mai yi.

Bututun gas na AKK, mai kilomita 614 daga Ajakuta zuwa Kano, ta jiharmu ya ratsa. Idan gas ya iso, tanderun matatar Kaduna zai iya barin ƙona baƙin mai mai nauyi ya koma gas, wanda hayaƙinsa ya fi sauƙi, a kuma haɗa samar da lantarki da tururi a inji ɗaya. Wannan kaɗai zai iya canza lissafin, kuma shi ya sa nake ganin bai dace a yanke hukuncin matatar ba tare da an haɗa da zancen gas ɗin ba.

Idan aka auna aka ga da sababbin na'urorin musayar zafi da gas da ɗanyen mai mai zuwa ba yankewa za ta iya gogayya, a gyara ta, ni ne kan gaba wajen goyon baya. Idan kuma alƙaluma suka nuna ƙarfen 1980 ba zai iya ba, a faɗa mana gaskiya, a rushe sassan da suka mutu a gina sababbi daidai da man da za a iya samu, a riƙe ma'aikatan da manyan tankunan ajiyarta, a maido da layin Zariya zuwa Kano da Gusau. Sanatocinmu da 'yan majalisar wakilai na jihar Kaduna suna da ikon kiran shugabannin NNPC da na NMDPRA gaban kwamiti su nemi waɗannan alƙaluma a rubuce, kuma ya kamata su yi hakan kafin a sa hannu a wata sabuwar kwangilar.